Fes Bodi ce, Alhaji

"Fes bodi ce, Alhaji. Ko ƙwarzane babu."

Dillalin ya faɗi haka yana shafa bayan motar da tafin hannu kamar mai lallashin doki. Ni ba Alhaji ba ne, amma a filin sayar da motoci duk wanda ya shigo da alamar nauyin aljihu ya riga ya sauke farali. Bakaniken da na ɗauko daga garejinsu bai ce uffan ba. Ya zaro ɗan mayen ƙarfe daga aljihun gaba, ya naɗe shi a hankici don kada ya karce fenti, ya shiga bin jikin motar da shi. A ƙofar gaba ya kama ɗaf. A bonet ya kama. Da ya iso saman tayar baya ta hagu sai mayen ya sulale ya faɗo masa a hannu. Ya sake ɗorawa, ya sake faɗowa.

"Maigida, nan ba ƙarfe ba ne, fila ce. An taɓa bugun ta."

"Haba Malam," in ji dillali, ko gezau bai yi ba, "ai ni cewa na yi jikinta fes yake. Dube ta mana, da datti?"

Tun ranar kalmar ta tsaya mini a rai. Asalinta Turancin 'yan kasuwar mota ne na ƙasar nan, ma'anarta fentin farko, wanda mota ta baro kamfani da shi, ba a sake fesa mata wani ba. Amma kunnen Bahaushe wani "fes" ɗin yake ji, na wanda ya yi wanka ya fito fes. Kalma ɗaya, ƙofa biyu: dillali ya shigar da kai ta ta farko, in asiri ya tonu ya fice ta ta biyu. Sauran sunayen filin ma haka suke. Tokumbo sunan Yarbawa ne na ɗan da aka haifa a ƙetare. Baljiyam ƙasa ce, wadda daga tasharta ta Antwerp ake lodin tsofaffin motoci zuwa Afirka ta Yamma. 'Yar Kwatano kuwa tashar da aka sauke ta kawai ta gaya maka. Duk cikinsu babu wanda ya ce komai game da lafiyar inji, amma kowanne yana ƙara wa mota kuɗi.

Wannan wasan da muke yi da nairori, a Turai da Amurka da miliyoyin daloli ake yin sa, a kasuwar tsofaffin motocin gudu. Can ne kalma ta fi ƙarfe tsada.

Sunan abin ma sai an tsaya a kansa. Na sha ganin masu fassara sun rubuta "motar wasanni", ni kuwa da na gani sai in hango bas ɗin da ke kwasar 'yan ƙwallo zuwa fili. Ba kuma motar tsere ba ce zalla, tunda tana da lamba, tana hawa titi kamar ta kowa. Mota ce yawanci mai kujera biyu, gajeriya har ka ji kamar a kan tabarma kake zaune, an ƙera ta don gudu da daɗin tuƙi, ba don kai iyali biki ba. Motar gudu ta fi kusa. Sai kuma "tsohuwa". Hausa ta raba tsufa gida-gida: akwai akwala, akwai tsohon yayi, akwai tsohuwar ajiya. Motoci biyu da suka fito rana ɗaya, ɗaya ta zama akwala, ɗaya tsohuwar ajiya, bambancin hannun da suka faɗa ne. Turawan Ingila da shekara suke yankawa. Wadda aka ƙera kafin 1905 ita ce veteran, kuma irinta kaɗai ake bari ta shiga jerin gwanon da ake yi daga Landan zuwa Brighton kowane Nuwamba. Vintage ta 1919 zuwa 1930 ce. Kalmar classic kuwa, wadda ta fi yawo a bakin 'yan kasuwa, ba ta da shinge ko kaɗan. Gwamnatin Birtaniya tana yafe wa mota harajin titi in ta cika shekara 40, Jamus tana ba ta lamba mai harafin H a shekara 30, kuma Jamusawa suna kiran ta Oldtimer, kalmar da suka aro daga Turanci alhali masu harshen ba sa kiran mota da ita. Shekaru dai tikitin shiga kasuwa ne kawai. Ba su ne farashi ba.

Wani ɗan ratse, don ya shafe mu. Porsche 911, wadda yau masu tara motoci ke rububin tsofaffinta, da sunan 901 aka nuna ta a Frankfurt a 1963. Kamfanin Peugeot ya tashi ya ce lamba uku mai sifiri a tsakiya tasa ce a Faransa. Dole aka cire sifirin aka sa ɗaya, bayan an riga an ƙera 82 da tsohon sunan. Wato sifirin da ke tsakiyar Pijo 504 ɗin nan da aka fara haɗa ire-irenta a Kaduna a 1975 shi ya raɗa wa 911 suna. Waɗancan 82 ɗin kuwa, duk wadda ta ɓullo a cikinsu yau, kuɗinta ba na sauran ba ne.

Kalmar da ta fi kowace nauyi a wannan ciniki ita ce matching numbers, wato lambobi sun yi daidai. Mu ɗauki Jaguar E-Type, wadda aka fara nunawa a Geneva a Maris na 1961, aka sayar da ita fam 2,000 da 'yan kai, aka ƙera sama da 70,000 kafin a daina. Kowace ta bar masana'antar Coventry da lamba huɗu: ta shasi, ta inji, ta bodi, ta giyabos. An buga su a jikin ƙarfen, an kuma jera su a wani ɗan faranti da aka manne a ƙarƙashin bonet. Kundin kamfanin yana nan har yau, kuma gidauniyar da ke riƙe da shi tana ba da takardar shaida mai ɗauke da lambobin, da ranar ƙira, da launin fentin farko, da inda aka tura motar. Mai saye zai sunkuya da tocila, ya goge maiƙo da tsumma, ya karanto lambar da ke jikin inji, wani yana riƙe da takarda yana bi. In sun dace, injin da aka haife ta da shi ne. In ba su dace ba, an taɓa yi mata dashe.

Abin da ya kamata a lura da shi: kalmar ba ta ce injin lafiyayye ne ba. Yana iya shan baƙin mai kamar rijiya, yana hayaƙi, lambarsa kuma daidai. Wata motar an sauya mata inji tun 1968 da wanda ya fi nata lafiya, ta fi daɗin tuƙi, amma a kasuwa ita ce ƙasa. A wurinmu wanda ya ce "na sa mata sabon inji" yabon motarsa yake yi. A can amsa laifi ne. Kuma tunda lamba ta zama kuɗi, an sami masu goge ta da dutsen wuta su buga wata. Shi ya sa ƙwararru ba karanta lambar kawai suke yi ba: suna duba siffar haruffan, da zurfin bugun, da ko fuskar ƙarfen ta yi santsin da bai kamata ba. Ferrari ta buɗe sashe na musamman a 2006, Classiche, aikinsa ke nan, in mota ta ci jarrabawa a ba ta jan kundi. Sai dai ko lambar gaskiya tana iya zama a jikin ƙarya. Ferrari 250 GTO 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, an sayar da ɗaya dala miliyan 48.4 a gwanjon 2018. Saboda wannan kwaɗayin an yanka 250 GTE da dama, 'yar'uwarta mai kujera huɗu wadda ba ta kai ta daraja ba, an tuɓe mata jiki an sa mata na GTO. Injin na Ferrari ne, lambar ta Ferrari ce, motar kuma ba ita ba ce. Jaki ne da sirdin doki, ko da yake a nan jakin ma ɗan gidan sarauta ne.

Akwai sunayen da ba kamfani ya raɗa ba, 'yan kasuwa da masoya ne. E-Type na farko-farko daɓensu shafe yake, dogon mutum ba ya samun wurin miƙe ƙafa. Mutane suka yi ƙorafi, a 1962 kamfani ya lotsa daɓen ya gyara kuskurensa. Yau masu wancan aibin, da ake kira flat floor, su ake nema ido rufe, musamman 500 na farko masu makullin bonet a waje. A 1964 aka ƙara girman inji daga lita 3.8 zuwa 4.2, aka sa giyabos mai sauƙin shiga da kujeru masu daɗi. Ta kowace fuska motar ta inganta, amma mai takura ƙafar nan ta fi ta tsada. Haka "Series 1½", ɗaya da rabi: Jaguar ba ta taɓa fitar da mota da wannan suna ba. Masoya ne suka laƙaba wa na 1967 zuwa 1968, lokacin da dokokin Amurka suka sa aka cire gilashin da ke rufe fitilun gaba. Rabin nan yana rage kuɗi, don haka akwai masu mayar wa motar gilashinta su share rabin daga talla.

Sai maganar lafiyar jiki, inda ake ba da maki kamar a makaranta. Kamfanin inshorar Hagerty na Amurka yana da mataki 1 zuwa 4, Jamusawa 1 zuwa 5. Na ɗaya shi ne concours, daga Faransanci concours d'élégance, gasar ƙwalisa, wadda ta samo asali daga masu sarautar Paris na ƙarni na 17 da ke fitowa nuna kekunan dokinsu. Yau manyan filayenta su ne Villa d'Este a bakin tafkin Como na Italiya, tun 1929, da Pebble Beach a Kalifoniya, tun 1950. Mota mai mataki na ɗaya ba a cika tuƙa ta ba. A cikin rufaffiyar tirela take zuwa, a sauke ta a kan ciyawa, a bi tsagin tayarta da buroshi. Dokin zage ce: an yi mata ado ya fi na kowa, tana cikin hawa, ba mai hawanta. Sau da yawa ma gyaran ya zarce yadda kamfani ya yi ta, don ma'aikatan Coventry na 1961 ba su taɓa goge ƙasan mota har ya yi ƙyalli ba. Mataki na uku, mai kyau daga nesa, mai 'yan tabo daga kusa, wadda za ka tayar ka tafi, nan yawancin motocin suke. A ganina kuma kusan kowane mai sayarwa yana ɗaga tasa da mataki guda, ba lallai don ƙarya ba, sai don so.

Abin da maki ba ya nunawa shi ne tsatsa, kuma ita ce mai cin dukiya. Inji ana sauke shi a gyara, an san iyakar kuɗinsa. Jiki ba a san iyakarsa sai an buɗe. E-Type ba ta da doguwar shasi a ƙarƙashinta irin ta a-kori-kura. Daga gilashin gaba zuwa baya kwanon jikin ne ke ɗauke da kansa, ƙarfinsa kuma yana cikin dogayen akwatunan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi. Ruwa yana shiga ya kwanta a ciki, ya ci ƙarfen daga ciki zuwa waje kamar gara a azara. Kafin fenti ya kumbura, aikin gama ya gama. Don haka mai duba ta ba ya fara da kunna inji. Zai ɗaga kafet, ya shiga rami ya haska ƙasanta, ya duba ko tazarar ƙofa da jiki ɗaya ce daga sama har ƙasa, ya ga ko ƙofar tana rufuwa ba sai an ɗaga ta ba. Maimakon mayen ƙarfen bakanikena, yanzu akwai ɗan na'urar da ake dannawa a jiki ta faɗi kaurin fenti, amma tambayar ɗaya ce: mene ne a ƙarƙashi? Daga nan aka sami wani sunan mai tsada, "motar Kalifoniya". A Ingila da arewacin Amurka gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, shi ke cinye motoci. A busassun jihohi babu wannan. Duk dillalin Kano da ya taɓa leƙa ƙasan motar da ta daɗe a Legas ya san zancen. Da yawa daga E-Type da aka kai Amurka an dawo da su Ingila an juya musu sitiyari daga hagu zuwa dama, takardar nan ta kundin kamfani ce ke tona su. Mita kuwa ba abin rantsuwa ba ce. Gurbi biyar gare ta, in ta kai 99,999 sai ta koma sifiri ta zama jaririya. Robar feda da lotsawar kujerar direba sun fi ta gaskiya, kamar yadda haƙoran rago suka fi bakin mai shi.

Inda lissafina ya fara rikicewa shi ne kan kalmomi biyu, barn find da patina. Ta farko tana nufin motar da aka tsinta a rumbu ko wani kango, an manta da ita shekara da shekaru. A 2014 aka gano tarin motocin Roger Baillon a yammacin Faransa, mai kamfanin sufuri da ya yi burin kafa gidan tarihi, kasuwa ta karye masa, motocin suka rube a ƙarƙashin rumfunan kwano. A cikinsu akwai Ferrari 250 GT California Spider ta 1961, wadda ɗan fim Alain Delon ya taɓa riƙewa, an jibge mata tsofaffin mujallu a kai. A Fabrairun 2015 aka yi gwanjonta a Paris, ta tashi kusan yuro miliyan 16.3, ba a taɓa ta da gyara ba. Irin waɗannan da ƙurarsu ake kai su gaban masu tayi, don wanke su asara ce. Wadda ta fi ba ni mamaki Bugatti ce ta 1925 da ta shafe sama da shekara 70 a ƙasan tafkin Maggiore, a iyakar Siwizalan da Italiya. Labarin da ake bayarwa shi ne rikicin kuɗin kwastan ne ya kai ta ruwa. An tsamo ta a 2009, rabinta ya narke, aka sayar da ita yuro 260,500 a 2010, wanda ya saya kuma ya ajiye ta haka nan a gidan tarihinsa a Kalifoniya.

Patina kalmar Italiyanci ce, asalinta kore-koren nan da ke hawa kan tsohuwar tagulla. Ba tsatsa ba ce, ba kuma kanta ba. In ana neman ta a gidan Bahaushe, a dubi allon da ya yi shekara talatin a hannun almajirai, ko gafakar malam da fatarta ta yi duhu ta yi laushi, ko carbin da yatsu suka side har yana sheƙi. Sawun hannu ne. Sabon allo ana sassaƙa shi a yini guda, wancan sheƙin kuwa ba kafintan da ke sayar da shi. Hujjar masu son patina ke nan: mota ana iya gyara ta sau goma, amma fentinta na farko in ya tafi ya tafi. A nan fes bodin dillalina da kasuwar miliyoyi suka haɗu, kuma da tsohuwar zuma ake magani. A 2024, karon farko a tarihin Pebble Beach, motar da ba a sabunta ba ce ta lashe babbar kyauta, Bugatti Type 59 ta 1934 wadda Sarki Leopold na Uku na Baljiyam ya taɓa mallaka, da tabonta da koɗewarta. Amma ban yarda da duk abin da ake kira patina ba. Kujerar da ta tsage don zama daban, daɓen da ya huje don ruwa daban. Mai talla yana son kalma ɗaya ta rufe duka biyun.

Duk waɗannan sunaye tambaya ɗaya suke kewayawa, kuma an taɓa kai ta gaban alƙali. Bentley ce da ake wa laƙabi da Old Number One, wadda ta ci tseren awa 24 na Le Mans a 1929 da 1930. A 1932 bakaniken mai ita, Walter Hassan (duk da sunan, Bature ne haifaffen Landan, kuma yana cikin waɗanda daga baya suka ƙera injin da E-Type ta gada), ya sake gina ta a kan wata shasi, aka kuma sauya mata inji. A shekarar ta yi mummunan haɗari a filin Brooklands, direbanta Clive Dunfee ya mutu. Aka sake gina ta da wani jiki. A 1990 mai ita na lokacin, Edward Hubbard, ya yi cinikin sayar da ita ga kamfanin Middlebridge a kan fam miliyan 10, sai mai saye ya janye, ya ce wannan ba motar da ta ci Le Mans ba ce, abin da ya rage na waccan bai taka kara ya karya ba.

Gatarin kaka ke nan: an sauya masa ƙota sau uku, an sauya ruwa sau biyu, jikoki kuma suna rantsuwa na kaka ne. Mai shari'a Otton na babbar kotun Landan ya saurari shaidu, har da Hassan da tsufansa, ya auna kalmomin ɗaya bayan ɗaya bisa rabe-raben da marubucin tsere Denis Jenkinson ya yi. Ya ƙi kiran ta original, don ba yadda ta fito take ba. Ya ƙi kiran ta genuine. Ya tsaya a kan authentic, ya ba mai sayarwa gaskiya, dalilinsa kuwa tarihinta bai taɓa yankewa ba: ba a taɓa wayar gari babu ita ba, ba kuma wata motar da za ta fito ta yi jayayyar sunan da ita. In da Hausa aka yi shari'ar, da sai a ce ba ta asali ba ce, ba ta ainihi ba ce, amma sahihiya ce. Kalmar da ta fi dacewa da hujjar alƙalin kuwa muna da ita tuntuni, salsala: wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, ba giɓi. Abin da 'yan kasuwar ke kira provenance ke nan, kuma shi ya sa kwalin tsofaffin rasit da wasiƙu da hotuna da ke bin mota yakan zama rabin abin da ake saye. Wanda ya saya ba tare da shi ba ya yi cinikin biri a sama, ko da birin yana gabansa yana ƙyalli.

Sai ga Jaguar da kanta ta kawo wadda hukuncin Otton bai hango ba. A 1963 ta ware lambobin shasi 18 don wata E-Type ta tsere mara nauyi, Lightweight, ta ƙera 12 ta tsaya. Lambobi shida suka kwana a kundi shekara 50. A 2014 ta sanar da cewa za ta ƙera shidan, da hannu, bisa ƙirar da, ta buga musu waɗancan lambobin, ta sayar da kowace sama da fam miliyan 1. Ba jabu ba ne, tunda mai abu ne ya yi abinsa. Lambobinsu sun yi daidai fiye da na kowace tsohuwa. Fes bodi ne ta ma'ana biyun. Salsala ce kawai babu, don ba wanda ya tuƙa su a 1963. Turawa sun kira su continuation, ci gaba. Ni da ramuwa zan kira su, irin ta wanda ya sha azumi ya biya bayan shekaru.

Na yi tunanin bakanikena a gaban ɗaya daga cikinsu, da hankicinsa. Jikin Lightweight, tsofaffin da sababbin, gaba ɗaya na alminiyam ne. Duk inda ya ɗora mayen ƙarfen, faɗowa zai yi.